Rantsuwar Baba da Abokan Muntaka

Malam mai filin shawara,

Don Allah ka agaza mini, abin nan ya fi ƙarfin kaina. Ni tela ne a Tudun Wada, mahaifinmu malami ne, kuma ina da ƙane ɗaya, Muntaka, wanda yanzu haka yake kwance.

Tun da aka fara wasan kalangu a bakin kasuwa Muntaka ya shiga samarin da ke kiran kansu 'yan dogo. Rabinsu ba su taɓa taka jirgin ƙasa ba, amma duk maganarsu ta jirgi ce. Dandalin rawa shi ne tasha, mai jan rawa kan jirgi, masu bin sa tarago. Riga in ta yi kyau, faskila ce, wato taragon manya. Duk wanda ba ya rawa kuwa ɗan jaki ne, wai har yanzu a zamanin fatake yake. Ni kaina da nake ɗinka masa wandon nan mai matse ƙafa kyauta, ɗan jaki ne a wurinsa. Haushi yake ba ni, amma in ya karkace hula ya faɗa, sai na yi dariya.

Wata rana malamai suna zaure wurin Baba, wani abokin Muntaka ya leƙo nemansa, ya ɗaga murya wai ya fito tasha ta cika, a bar 'yan jaki su huta. Kowa ya ji. Baba ya dafa Alƙur'ani ya rantse bakin da ke irin wannan magana ba zai ƙara ƙetare zaurensa ba. Muntaka ya kwashe kayansa ya koma Sabon Gari.

Bayan damina aka dawo mana da shi, a kan jaki kuwa, tari ya cinye shi, yana tofar da jini. An yi rubutu, an yi sassaƙe, likitan Turawa ya duba ya girgiza kai. Baba ya karɓe shi, amma Muntaka ya ɗauka rantsuwar har da shi, sai ya kame bakinsa. Yaron da surutunsa ke hana mu jin kiran salla, yanzu daga i sai a'a. Abokansa kullum suna tsaye gindin durumin ƙofar gida, sun daidaita hulunansu, ba mai shigowa. Makaɗinsu Nagoda ya same ni a shago ya ce kowane ɗan dogo da takensa, kuma al'adarsu in ɗaya ya kwanta sai an kaɗa masa nasa a bakin ƙofa, ba a taɓa hana kowa ba sai Muntaka. Da na gaya wa Muntaka, sai ya juya fuska bango yana hawaye.

Na tuntuɓi Baba, ya ce rantsuwa ba riga ba ce balle a tuɓe. Amma shi kansa ya daina cin abinci. Tsoro nake ji ƙanena ya tafi da baki a rufe. In shigo da abokansa a ɓoye, ko in bi Baba?

Wani tela, Tudun Wada

Amsa

Malam tela, sannunku da jinya.

Kada ka shigo da kowa a ɓoye. Gida na mahaifinka ne, kuma an ci mutuncinsa a gaban abokan karatunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Samarin su ma ba shaiɗanu ba ne. Kowane zamani da bakinsa, mu ma mun yi zaurance iyayenmu suna tsaki. Yaran da za su tsaya a rana su daidaita hula saboda dattijo, da sauran kunya a idonsu.

Wanda ya yi ɓaranɓaramar ya je ya durƙusa daga waje, ya nemi gafara da Hausar da kowa ke ji. Kai kuma kada ka koma wa Baba da hujja, ɗa ba ya yi wa uba fatawa. Nemi amininsa cikin malaman da aka yi abin a gabansu, shi zai tuna masa abin da ya fi ni sani: wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma bai fi ƙarfin gidanku ba, kai ka auno hatsin. Ina zaton kunyar janyewa ce ta riƙe shi, ba taurin zuciya ba.

Kalangu dai a bar shi nesa da zaure, wannan haƙƙin Baba ne. Nagoda ya tsaya a bakin hanya, kiɗa ba ya neman ƙofa. In samarin sun shigo su ɗan ja baya, kada su sha a ƙoƙon Muntaka, irin wannan tarin ana ɗauka.

Kuma a yi yau, kada a ce sai gobe. Aminin ya gaya wa Baba a hankali: samarin nan za su ƙetare zaurensa ko ya yarda ko bai yarda ba, domin in ta Allah ta kasance, su ne za su ɗauki makara. Gara su shigo tun Muntaka yana iya amsa musu.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya tashi kafaɗun Muntaka.