Takardar Haihuwar Shamima da Aka Rufe Cikin Koren Akwati

Daga:
Malam Salihu Maidaji,
Hawa na shida, Layin Dengfeng,
Yuexiu, Guangzhou.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Umar Faruƙ Shitu,
Shugaban Ƙungiyar Zumuntar 'Yan Arewa Mazauna Guangzhou.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Ƙin buɗe akwatin marigayiya Hajiya Maijidda kafin a loda shi a kwantena ranar Juma'a, 18 ga Oktoba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon izinin gabatar da wannan ƙorafi a rubuce, domin na gabatar da shi da baki har sau biyu ba a samu mafita ba.

Ni malami ne, shekarata tara ina koyar da 'ya'yan 'yan kasuwarmu a garin nan. Ni da maiɗakina Surayya shekararmu goma sha huɗu da aure, Allah bai nufe mu da haihuwa ba. Marigayiya Hajiya Maijidda, mai sarin tufafi a kasuwar Canaan, maƙwabciyarmu ce ƙofa da ƙofa, mijinta kuwa ya daɗe da rasuwa. Allah ya karɓi ranta ranar Asabar, 3 ga Agusta. Ta bar 'ya ɗaya, Shamima, mai shekara biyar, wadda aka haifa a nan. Tun ranar yarinyar tana hannunmu. Kakarta da ke Kano ta amince a rubuce mu riƙe ta riƙo na har abada, da sunan mahaifinta yadda addini ya tanada. Abin da ya rage a kammala maganar a hukumance shi ne ainihin takardar haihuwarta da fasfon mahaifiyarta, waɗanda aka ce sai an tantance su a nan garin.

1. Ranar 10 ga Agusta mai gidan haya ya nemi ɗakinsa. Mata suka haɗa kayan marigayiya cikin gaggawa, Alhaji Tankari, Sakataren Walwala na ƙungiya, ya naɗe akwatuna huɗu da salatif, ya sa hannu a kan kowanne. Takardun biyu suna aljihun ciki na koren akwatin. Ban san haka ba sai da kakar yarinyar ta gaya mana daga baya. Da hannuna na sauko da akwatin daga bene na sa shi a mota, wannan kuwa sakacina ne, ban ɗora wa kowa ba.

2. Ranar 9 ga Satumba, da kuma 23 ga watan, na sami Alhaji Tankari na roƙi a buɗe. Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce ƙa'idarmu ita ce kayan mamaci ba a buɗe su sai a gaban magada. Na san dalilin wannan ƙa'ida, ina kuma girmama ta, domin ta kare mutuncin ƙungiya daga zargi shekara da shekaru. Sai dai na tunatar da shi cewa Shamima ita ce 'yar marigayiya tilo, babu magajin da ya fi ta kaso, ga ta kuma a garin nan. Na kunna masa saƙon muryar kakarta tana roƙon a buɗe. Ya ce yarinya ba ta kai shaida ba, saƙon waya kuma ba halarta ba ne, sai ƙannen marigayiya maza biyu sun tsaya a kan akwatin da ƙafafunsu, a Kano.

3. Na nemi wata hanya don kada na takura wa kowa. Sau uku na je asibitin da aka haifi yarinyar neman a sake ba mu takarda. Amsar ɗaya ce, meyo, wato babu, sai na kawo fasfon mahaifiyar. Fasfon yana cikin akwatin.

4. Ranar 7 ga Oktoba na ji daga bakin wani uban ɗalibina, ba daga ofishin ƙungiya ba, cewa an kai akwatunan sito wajen Malam Wahab mai tura kaya, za a loda su a kwantenar da za a rufe ranar Juma'ar nan a wuce da ita tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Ranka ya daɗe ya fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Kusan kwana hamsin a teku, sannan jiran fitowa daga tashar Legas, sannan hanyar Kano, sannan ranar da dangi za su sa don rabon gado. Malam Wahab ya nuna mini akwatin a kan sauran kaya, na taɓa shi da hannuna. Ya ce in dai Shugaba ya rubuto, minti biyar aikin zai ɗauka.

5. Sau biyu ma'aikatan da ke duba rajistar baƙi suka ƙwanƙwasa mana ƙofa, ranar 26 ga Satumba da ranar 10 ga Oktoba. Aikinsu suke yi, kuma cikin ladabi suka yi shi. Izinin zaman Shamima yana rataye ne da na mahaifiyarta. An ba mu zuwa ranar 8 ga Nuwamba mu kawo takardun. A zuwansu na biyu babban cikinsu ya bayyana cewa idan wa'adin ya cika hannunmu babu komai, ba zai iya ba mu tabbacin za a bar ta a wurinmu ba, domin a kan takarda mu maƙwabta ne kawai. Shamima ta fi mu jin yaren ƙasar nan nesa ba kusa ba. Kafin wayata ta gama fassara mini maganar, ta riga ta ajiye cokalinta ta shige bayan Surayya.

6. Gidanmu yanzu a natse yake fiye da kima. Muna karatu da safe kamar kullum, Shamima ta kai harafi na goma sha biyu, rubutunta da kyau. Amma ta daina bin yara zuwa filin wasa, idan kuma lif ta tsaya a hawanmu sai ta bar abin da take yi har a ji wace ƙofa aka nufa. Surayya ta saya mata rigar sanyi, ta bar ta a leda ba ta cire ba. Ban tambayi Surayya dalili ba.

Bisa haka nake roƙon mai girma Shugaba da ya ba da umarni a rubuce, kafin azahar ɗin Alhamis, 17 ga Oktoba, a buɗe koren akwatin kaɗai, a gabansa ko wakilinsa, da Alhaji Tankari, da limaminmu, kakar yarinyar tana kallo ta waya. A ciro takardun biyu, a sake rufewa, kowa ya sa hannu. Ba ma neman ko ɗankwali daga ciki. Idan hakan ba zai yiwu ba, ina roƙon a ware akwatin daga wannan lodi, a bar shi a sito a rufe yadda yake har a yi shawara.

Ba na tuhumar Alhaji Tankari da komai, amana yake tsarewa. Ina dai roƙon a duba cewa marigayiya ta bar amana biyu, ɗaya daga ciki tana kwana a ɗakinmu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya sa ya gama da jama'arsa lafiya. Ina neman afuwa idan wata kalma ta yi tsauri.

Naka mai biyayya,
Salihu Maidaji.

Ƙari: Bayan na sa hannu, Shamima ta kawo mini baƙar makar da mahaifiyarta ke rubutu da ita a jikin katan, ta miƙo hannunta ta nemi na rubuta sunana da lambar wayata a kai. Na rubuta. Abin da ta fahimta shi ne, a garin nan kayan da aka rubuta sunan mai shi a jiki ba ya ɓata, wanda ba a rubuta ba kuwa ana tafiya da shi.