Katunan Jamusanci da Na Juya Miki

Zuwa ga Yayata Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, a duk barikin da aka kai ku yanzu. Ni ce ƙanwarki Saratu, daga Zuru. Na san kin canza lamba, na kuma san Yaya Dauda yana da sabuwar, kin dai hana shi ba ni. Shi ya sa nake rubuta wannan a inda kowa zai gani, ko wani zai kai miki. Waɗanda suka san mu kuma su karanta, ban roƙi kowa ya rufa mini asiri ba.

Zan fara daga shekarar da waya ta shigo Zuru, lokacin da mutane ke hawa tudu suna ɗaga hannu sama wai neman sabis. Kina da shekara ashirin da biyu, ina da sha tara. Kin bar makaranta tun aji biyu na sakandare, sa'ad da ƙafar Baba ta kwantar da shi bayan ya bar soja, kika koma soya ƙosai da Mama a bakin kasuwa. Ni aka bari na gama. A gidanmu ni ce mai boko. Ni ke karanta wa Baba takardun fansho, ni ke rubuta wa zumuntar mata wasiƙa. Har na saba da jin cewa duk abin da ya zo a rubuce, nawa ne.

Sai Turawan nan na Jamus suka zo. Mijin yana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Kanya, matar kuma, Madam Hilda, tana zaune cikin gari da 'ya'ya biyu. Wata takwas kika yi kina rainon yaran. Suka koyi Hausa a bakinki, har da zagin yarenmu na C'lela da ba wanda ya san inda suka tsinta. Shi ya sa ke ba ki kwashi yarensu ba sai 'yan kalmomi. Da za su koma, Madam ta zo gidanmu da kanta, ta durƙusa wa Baba kamar yadda kika koya mata, ta ce tana so ki bi su ki yi shekara guda, ki kula da yara kina zuwa makaranta a can. Sharaɗi ɗaya ne: sai kin je Legas an yi miki tambayoyi da Jamusanci kafin a ba ki biza.

Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin ruwan da na kawo mata. Ta karɓa, ta yi godiya, ko sunana ba ta tambaya ba.

Ta bar miki ƙaramin ƙamus na Jamusanci da Turanci, da ƙullin fararen katuna ɗaure da roba. Ta ce a rubuta kalma a gaba, ma'anarta a baya. Turancinki bai kai ki bi ƙamus ba, sai kika kawo mini duka a cikin tasa, kamar mai kawo abinci. Kika ce, "Saratu, ke ce idona a wannan tafiya."

Katuna ɗari da hamsin na rubuta miki, Jamusanci a gaba, Hausa a baya. Na zaɓi biro mai kyau, na ja layi da rula. Waɗanda kika riga kika sani ban taɓa su ba. Wasser ruwa ne, Brot burodi, Kind yaro. Ashirin da uku na juya. Ba kuskure na yi ba, Yaya. Zama na yi da ƙamus a cinya ina zaɓa. Na rubuta gobe a bayan jiya, dama a bayan hagu. Na tambayi kaina me mai ba da biza zai fi son ji, sai na nemi waɗannan kalmomin na musanya su.

Kin tuna yadda muke yi. Da hantsi, bayan kin sauke kaskon ƙosai, mu zauna gindin mangwaron bayan ɗaki. In ɗaga kati, ki faɗi ma'ana. In kin kuskure in buga miki rula a bayan hannu. Ke ce ma kika ce in riƙa yin haka, wai kanki ba ya riƙe abu sai da zafi. Yatsunki duk mai, har gefen katunan ya yi ja.

Sau biyu kika kusa kama ni.

Na farko a kan fleißig. Ma'anarta mai ƙwazo, ni kuwa na rubuta rago, na ba faul, wadda ita ce rago, ma'anar ƙwazo. Kika riƙe katin kina juya shi. Kika ce ai Madam takan faɗa miki wannan kalmar in kin gama wanki, tana murmushi, har ta dafa miki kafaɗa. Na dube ki cikin ido na ce, "To zaginki take yi, ke ce ba ki sani ba. Haka Turawa suke." Kika ajiye katin. Ranar ba ki ci tuwo ba. Na ga kin ciro hoton da kuka ɗauka da ita daga jikin madubi kin sa a ƙarƙashin akwati. Washegari kika dawo gindin mangwaro kika ce mu ci gaba, ko da zaginki take yi, yaran dai suna sonki.

Na biyu a kan zurückkommen. Kika karanta ta a hankali, harafi harafi, sai kika fashe da dariya. Kika ce, "Wannan ai da Zuru a cikinta. Lalle dawowa gida ce." Daidai kika faɗa. Na ɗaga rula na sauke miki da ƙarfin da ban taɓa yi ba, har wurin ya tashi. Na ce zama ne, zama dindindin, dawowa kuwa bleiben ce, ki daina wasa da abin da ba ki sani ba. Kika hura hannunki, kika ce in yi haƙuri.

Wata huɗu kina haddar ƙarya. Kina soya ƙosai kina maimaitawa. Kina kan kabu-kabu kina motsa baki. Masu saye suka fara ce miki Bajamusa, a lokacin cikin sha'awa. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta soja ranar Lahadi, ya dogara sanda ya fita gaban ikilisiya, ya ce 'yarsa za ta ƙetare teku. Fasto ya ɗora miki hannu. Ina cikin mawaƙa, na rera da kowa.

Ni na raka ki tasha. Kika rungume ni, kika ce duk abin da kika samu a can rabi nawa ne.

Kwana biyar kika dawo da fasfo babu komai a ciki. Ni kaɗai kika ba labarin yadda aka yi. Matar da ke bayan gilashi ta tambaye ki wace irin mutum ce ke, kika ce Ich bin faul, kina murmushi. Ta ɗago ta dube ki. Ta tambaya me za ki yi in shekarar ta cika, kika ce Ich bleibe. Ta sake tambaya a hankali, kika ɗauka ba ta ji ba ne, sai kika ɗaga murya kika maimaita. Wato kin tsaya a gabanta kin ce ke raguwa ce, kuma in kin je ba za ki dawo ba. Kika ce mini, "Saratu, duk na amsa yadda kika koya mini. Ban san inda na ɓata ba." Na ce wataƙila lafazinki ne.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce dama ya san kanki, laifinsa ne da ya fita gaban mutane. Wata uku bai karɓi ruwa daga hannunki ba. A kasuwa sunan Bajamusa ya koma abin dariya. Mata su tsaya su ce a ba su ƙosai da Jamusanci. Rannan ina wurin wata ta faɗa, kowa ya yi dariya, na yi tare da su. Kin gan ni. Kika juya ƙosanki.

Akwai abin da har yau ba ki sani ba. A makon da kika dawo na rubuta wa Madam wasiƙa da Turanci mai kyau. Na ce kin yi iya ƙoƙarinki amma karatu ba naki ba ne, ni kuwa a shirye nake, duk kalmomin suna kaina. Amsa ta zo bayan wata biyu, layi huɗu. Ta ce yaranta Rahila suke tambaya, ba mai raino suke nema ba. Ta ce in gaishe ki, ki sake gwadawa, za ta jira. Ban gaishe ki ba. Na yage takardar na zuba a masai.

Ba ki sake gwadawa ba. Kika auri sojan da ya daɗe yana zuwa sayen ƙosai, ni na tafi kwalejin horon malamai. Duk wanda ya tambaye ki zancen Jamus sai ki ce, "Ai ƙanwata ta yi wahala a kaina, ni ce ban da kai."

Shekara huɗu bayan haka Madam ta dawo Zuru ziyara. Kina gida lokacin, kin zo wankan jego. Kika ɗauki katunan, suna nan cikin gwangwanin madara, kika je ki nuna mata cewa ba sakaci kika yi ba. Yaya Dauda ne ya kai ki a babur, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce tana dubawa tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta fara ware wasu gefe guda. Da ta gama ta tambaya wa ya rubuta. Kika dubi rubutuna, wanda kowa a Zuru ya sani, kika ce ke kika rubuta.

Da la'asar kika same ni a tsakar gida ina duba littattafan 'yan aji. Kika zauna a kan turmi, jaririya a bayanki. Kika ɗaga kati ɗaya kamar yadda nake ɗaga miki. Kika ce, "Wannan fa?" Na faɗi ma'anar gaskiya. Kika ɗaga na biyu. Na faɗa. Haka har ashirin da uku, ban kuskure ko ɗaya ba, don bakina ya ƙi yin ƙarya a ranar. Kika tattara su, kika mayar da roba. Kika ce, "Ashe ke mai kai ce ƙwarai." Kika tashi. Wannan ce magana ta ƙarshe da kika yi mini. Ko ranar jana'izar Baba, gefe kika bi. Ya tafi yana ganin ke ce kika kunyata shi, kina da abin da za ki wanke kanki da shi a cikin gwangwani, ba ki buɗe ba.

Yaya, ba yafiya na zo nema ba. Na sha rubuta kalmar ina gogewa. Zancen Mama ne ya sa na ɗauki waya.

Tun damina take kwance. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kai kanta bayan gida. Kullum tana tambaya me ya sa 'ya'yanta mata biyu ba sa haɗuwa a ɗakinta, me ya sa kika daina zuwa tun da na dawo gidan da zama. Tana zaton ita ta yi miki wani abu. Ranar Lahadi da ta wuce, bayan na yi mata wanka, na faɗa mata duka, har da wasiƙar. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Sannan ta ce da C'lela in fita, in turo mata matar Dauda. Yau kwana shida ba ta karɓi kunu daga hannuna ba, sai sunanki take kira.

Ki zo, Yayata. Ki faɗa wa Yaya Dauda ranar da za ki iso, ni zan kwashe kayana in tafi Ribah wurin Gwaggo, in zauna iya kwanakin da kike so. Ba za ki ga fuskata ba, ba za ki ji muryata ba. Na wanke ɗakinki, na canza gidan sauro. Maganinta na safe yana cikin kwanon sha mai murfi, sai ta ci wani abu kafin a ba ta. Tana son a shafa mata man kaɗe a ƙafa, kuma kullum tana cewa hannuna ya cika tauri, naki ne mai sanyi.

Allah ya kiyaye hanyarki daga bariki zuwa ƙofar gidanmu. Ya raya miki 'ya'yanki, ya sa su so juna fiye da yadda na iya. Ya ba Mama kwanakin da za ta gan ki da idonta. Ni kuma ya yi da ni yadda ya ga ya dace. Amin.

Taki,
Saratu