Kilifa Uku a Rumfar Mainasara

Barikin Kuza, Riruwai,
14 ga Nuwamba, 1954.

Zuwa ga maiɗakina Luba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya Inna da ƙafar tata? Ki shafa mini kan 'yarmu Baturiya. Ina gaida Malam Rufa'i, wanda na san shi zai karanta miki. Ya yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da aska ne, wata shida kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci.

Na iso ran Talata. Daga Badafi har Tudun Wada a ƙafa na zo, daga nan wata motar kamfani ta ɗauko mu a kan buhuna. Garin nan duk duwatsu ne, Luba, ga leburori kamar tururuwa, wasunsu ko Hausa ba sa ji. Tun asuba suna cikin rami da ruwa suna wankin ƙasa, su tace kuza.

Allah ya rufa asiri, kwanana biyu na sami aiki. Akwai wani mutumin Bebeji, Mainasara, wanda a da wanzami ne kamar mu, amma ya fi shekara goma bai riƙe aska ba. Likitan kamfani ya ce kwarkwata da makero sun yi wa leburori yawa, don haka kowa sai an aske shi sau biyu a wata, kuma Mainasara aka ba kwangilar. Kamfani ya biya shi, shi kuma ya sallame mu ran Asabar. Mu uku ne a rumfarsa: ni, da Baba Shitu, wani dattijon wanzami mutumin Doguwa, da Sani, magidanci sa'ana. Ranar da na zo Mainasara bai tambaye ni komai ba sai da ya sa aka kawo mini tuwo. Ba zan manta da wannan ba.

Kowa da zabirarsa yake aiki, kuma ban ga laifin haka ba, wanzami ba ya aron aska. Sai dai kawunan nan cike suke da yashi. Kai biyar, sai na koma kan dutsen washi.

Kada ki damu da zancen rumbu. Na san abin da tsuntsaye suka bar mana ba zai kai mu bazara ba, shi ya fito da ni. Ki riƙa auna tsaba yadda kika saba, kada ki rage wa Inna kunu.

Ni ne maigidanki,
Zailani Wanzami.

Barikin Kuza, Riruwai,
26 ga Disamba, 1954.

Zuwa ga Luba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙonki ya iso ta hannun direba, kuma daddawar ta yi daɗi. Kin tambaya a fakaice me ya sa abin da nake aikowa ya ragu. Na so in ɓoye miki, amma gara ki ji daga bakina da ki yi zaton wani abu.

Farkon watan nan duba-gari ya zo rumfa, ya ce aska tana yankan kan masu makero, ta kwashi cutar ta kai wa na gaba, saboda haka a koma aski da inji. Mainasara ya tafi Jos ya dawo da guda uku. Kilifa ake ce masa. Ƙarfe ne fari mai hannu biyu kamar almakashi, da haƙora a baki. Kana matsawa yana cin gashi, ƙis-ƙis-ƙis, babu sabulu babu jini. Ranar farko har rawa na kusa yi. Kan da nake askewa goma a wuni, sai ga ni ina yin talatin.

Ran Asabar sai muka ga kuɗinmu ya gaza da sule uku uku. Mainasara ya ce kuɗin kilifa ne, haka za a yi ta cirewa har mako takwas, domin mai aiki shi ke sayen kayan aikinsa. Raina bai so ba, amma Baba Shitu ya ce mu yi haƙuri, ai in mun gama biya ƙarfen ya zama namu.

To, shekaranjiya Juma'a babu aikin kamfani. Na ɗauki kilifata zan shiga kasuwa in ɗan yi na kaina. Ina fita Mainasara ya kira ni a gaban mutane, ya miƙo hannu, ya karɓe ta, ya jefa a akwatinsa ya datse kwaɗo. Ya ce kayan rumfa ne, a rumfa suke kwana.

Luba, na tsaya kamar an dasa ni, ina jin idanun mutane a ƙeyata. Maganar ta zo har leɓena, sai na tuna rumbunmu, na haɗiye ta. Tun ranar tuwo ba ya yi mini daɗi. Ba sule ukun ke cina ba. Abin da ke cina shi ne mu ne masu biya, shi ne mai abu.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki gaya mata dalili.

Naki,
Zailani.

Riruwai,
2 ga Fabrairu, 1955.

Zuwa ga maiɗakina Luba,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida Baturiya da duk mutanen gida. Malam Rufa'i, don Allah wannan a karanta ta a hankali, kuma a ɗaga murya, ba mai ɓoyewa ba ce. Luba, ki yi guɗa! Kilifa tana cikin zabirata yanzu haka da nake rubutun nan, na ɗora takardar ma a kanta.

Ga yadda aka yi. Da mako takwas suka cika, na sami Mainasara cikin ladabi na ce mun gama biya, a ba mu kayanmu. Ya yi dariya, ya ce abin da muka biya ladan amfani ne. Na dubi Baba Shitu, ya dube ni. Dattijon nan ya naɗe tabarmarsa, ya rataya zabira. Na bi bayansa. Sani bai biyo mu ba, matarsa ba ta yi arba'in ba, kuma ban riƙe shi a rai ba.

Washegari leburori suka yi layi har bakin hanya, Sani shi kaɗai. Sai Mainasara ya tuɓe babbar riga ya ɗauki kilifa da kansa. Bai san ana ɗiga mata mai ba, bai san ba a janta da sauri ba. Kan da ya fara kamawa kuwa na helman leburori ne, wato shugabansu, wani ƙato mai muryar ganga. An ce ihun da ya yi har ofis an ji, ya tashi da rabin kai a aske, rabi a tuge, ya bi bariki yana nuna wa kowa. Ban gani da idona ba, amma mutum shida sun ba ni labari, kowa da nasa ƙarin gishirin.

Baba Shitu ya ji labarin Sarkin Askan Tudun Wada ya zo Doguwa yi wa 'ya'yan dagaci kaciya. Muka kama hanya a ƙafa, wuni guda cur, tsohon nan yana gaba ina baya, ko sau ɗaya bai ce mu huta ba. Sarkin Aska ya saurare mu, ya aika a kira Mainasara. Kwana biyu sai ga shi a kan keke.

Aka zauna a gindin ɗorawa, ƙofar gidan dagaci, wanzaman ƙasar sun fi goma, ga 'yan kallo. Mainasara ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa. Ya ce shi ya gina rumfa, shi ke biyan mai ɗebo ruwa, shi ya sha wahalar hanyar Jos, shi ya fara zuba kuɗinsa. Duk gaskiya ne. Sannan ya juya ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗan ƙodago in zai je gonar wani, wa ke saya masa fartanya? Ba shi ke zuwa da abarsa ba?”

Sai na ga dattawa suna gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan, mun yi tafiyar banza, ga aiki ya tafi. Sarkin Aska ya dube ni ya ce ko ina da ta cewa. Wallahi Luba ban shirya komai ba. Ƙodagon da na yi a gonakin Kiru shekarar da muka yi aure ne ya faɗo mini. Na durƙusa na ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, haka ne, na yi ƙodago, da fartanyata nake zuwa. Amma in rana ta faɗi, a kafaɗata nake saɓa ta in tafi gida. Ban taɓa ganin mai gona ya karɓe ta ya kulle a akwati ba.”

Wani tsoho a baya ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Sarkin Aska bai yi dariya ba. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce tun kakanninmu abin da ke bin wanzami gida, wanzami ke saya, aska ce ko ƙaho ko almakashi, kuma zuwan ƙarfen Turawa bai sauya wannan ba. Abin da zai kwana a rumfa kuwa, mai rumfa ke saya. Ya ce wa Mainasara ya yi wahala, kuma ladan wahalarsa yana cikin kwangilar da yake ci, amma ba a cin tudu biyu. Ya ce ya zaɓi ɗaya: ko ya mayar mana da abin da ya cire ya riƙe ƙarafansa, ko ya riƙe kuɗin ya ba mu su.

Da ya natsu, da kuɗin ya mayar. Amma dariyar nan ta shige shi. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce ko anini ba zai mayar ba, mu kwashi ƙarafanmu, ya ga inda za mu sami kawunan askewa. Sarkin Aska ya sa mutum biyu suka rako mu har Riruwai, a gabansu aka buɗe akwatin.

Ban san abin da gobe za ta haifar ba, aiki dai babu. Amma jiya na zauna a bakin kasuwa na aske mutum tara, kuma da la'asar na share kilifata, na ɗiga mata mai, na sa a zabira na taho da ita, ba wanda ya kira ni. Na ci tuwo malmala biyu.

Maigidanki mai kewarki,
Zailani.

Riruwai,
6 ga Maris, 1955.

Zuwa ga Luba,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai ga gida ba. Na ji daɗi da na ji ƙafar Inna ta saki, Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma ji an ce Malam Rufa'i ya karanta takardata sau uku a zaure, har maƙwabta sun haddace zancen fartanya. To, ga sauran.

Abin da Mainasara bai lissafa ba shi ne kilifa ɗaya da mutum ɗaya ba za su iya kawuna ɗari huɗu ba. Ya aika Jos, aka ce sun ƙare a kanti sai wani jirgin ya zo. Duba-gari ya zagayo ya tarar da rabin bariki da suma. Akawun kamfani, wani mutumin Lakwaja mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya tambayi helma ina wanzaman da suka iya, helma kuwa kin san yana da ciwon abin a ransa. Da kansa ya zo kasuwa ya tafi da mu ofis.

An raba aikin biyu. Barikin tudu na Mainasara, barikin bakin rafi namu, ni da Baba Shitu, daga hannun akawu zuwa hannunmu, babu kowa a tsakani. Na sa hannu da alƙalami, Baba Shitu ya dangwala yatsa. Leburori da kansu suka saro mana itace, muka kafa rumfa ta zana a gindin wata ƙirya, inuwa har la'asar.

Sani ma ya ci arzikin shari'ar. Mainasara ya ji tsoron kada ya bi mu, ya mayar masa da duk abin da ya cire. Shi dai Mainasara har yau ba ya amsa gaisuwata. Ina gaishe shi duk da haka, kuma abin yana ɗan sosa mini rai, don na ci tuwonsa ina baƙo.

Aiki ya fi ƙarfin mu biyu, za mu ɗauki mutum na uku, wani wanzami daga Burji mai iyali. Mun riga mun ba direba saƙon kilifa ta uku daga kuɗin rumfa, ya taho da ita in jirgin ya iso. Baba Shitu ya ce tunda a akwatinmu za ta kwana, kada in kuskura in taɓa ladan mutumin, in ba haka ba shi da kansa zai kai ni Doguwa a ƙafa.

Direban da ya kawo takardar nan zai sauke buhun dawa biyu a Kiru, wurin mai shayi na tasha. Malam Rufa'i ya taimaka a nemi jaki. Akwai turmin atamfa a ƙulle cikin buhun da aka yi wa alama da shuni, naki ne, kada ki yanka wa kowa. In ruwa ya sauka zan zo in yi shuka, Baba Shitu ya riƙe wuri, sannan mu taho tare ki ga duwatsun nan da idonki.

Ki gaya wa Inna, in mutane sun tambaya, ta daina cewa na tafi cin rani. Ta ce ina rumfata.

Ni ne naki har kullum,
Zailani Wanzami,
Rumfar Bakin Rafi.