Sulalla Uku Masu Huji

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahama ta kai makwancinki, ina sanar da ke, a gaban duk mai karanta wannan, cewa binciken da na shekara ashirin ina yi ya kammala. Ga sakamakon: sikeli bai iya karatu ba. Ke kin faɗa tuntuni, kina kan tabarma a Wurno, ba ki buɗe littafi ba.

Kin tuna sulallan zinariyarki uku da maƙeri ya huda, kika zura a baƙin zare? Da ribar albasa kika saye su, ɗaya bayan ɗaya. Nakan yi miki dariya in ce littafina na masu tara tsofaffin sulalla ya ce huji yana kashe darajar sulai. Ki ce, "Mi ya haɗa sikeli da littafinka, Malam?" Wannan Malam ɗin ba na girmamawa ba ne, na sani.

Da aka raba gado suka zo hannuna tare da gonarki ta ƙasan dam ɗin Goronyo. Ban yi wata uku ba na kai su wani kanti a Sakkwato, na musanya ukun da guda ɗaya tak: tsoho, ba huji, cikin roba, da takarda mai hatimi. Mai kantin ya ce masu tara irinsa suna nemansa ruwa a jallo. Ban tambaya ko akwai ɗaya daga cikinsu tsakanin Rabah da Goronyo ba.

Bana injin ban-ruwa ya mutu, albasa tana tsakiyar yin kai. Na koma kantin in sayar da sulan, na tarar yanzu katifa ake sayarwa. Na tafi layin masu zinariya. Ɗaya daga cikinsu ya fasa robar, ya goga sulan a dutse, ya ɗora a sikeli. Takardar kuwa ya miƙo mini, wai in yi fifita.

Kuɗin bai kai na inji ba. Naki ukun da sun saye shi. Rabin gonarki ya bushe ina tsaye, Inna, kuma har yau ban faɗa wa ƙanwata Hajo inda sulallan suka shiga ba.

Zaren dai yana nan. Yana cikin littafin, da shi nake alamar shafi.

Allah ya jiƙanki, ya sa sikelinki ya yi nauyi ranar awo. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Ɗanki,
Malam