Bakin Fatar Da Ka Yanke

Wethercote, 9 ga Nuwamba, 2019

Zuwa ga ƙanena Clifford,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka a can Kanada. Allah Ya ƙara maka lafiyar da za ka karanta takardar nan har ƙarshe. Mu nan da sauƙi. Yayarmu Enid ta koma wurin ɗanta, ba ta gane kowa. Ni kuwa gwiwoyina sun gama aiki.

Ranar 14 ga Maris, 1981, muka binne Baba. Muna falo ana shan shayi da baƙi ka hau sama, ka buɗe akwatinsa, ka ɗauke takardar koyon sana'ar kakan kakanmu Josiah Askrigg, ka sa a jakarka. Da na tare ka a bakin ƙofa ka yi dariya, ka ce haba Malam Sarkin Karatu, ai kai da ka haddace tarihin duniya ba ka buƙatar tsohuwar fata. Shekara talatin da takwas ban ce maka uffan a kan wannan ba. Yau zan ce.

Ka san, ko ya kamata ka sani, yadda ƙungiyar majema ta garin nan take ɗaukar ɗan koyo. A rubuta yarjejeniya sau biyu a kan fata guda, a raba ta da wuƙa a karkace kamar tafiyar maciji, ƙungiya ta riƙe rabi, yaro ya riƙe rabi. Ranar da aka yi gardama sai a haɗa bakin biyun, in sun zauna daidai magana ta ƙare. Baba ya nuna mana wannan a kan teburin cin abinci ba sau ɗaya ba. Kai lokacin hankalinka yana kan babur.

Ga abin da ya sa na roƙe ka fatar Josiah a watan Yuni, tunda ba ka tambaya ba. An sayar da gidan da nake haya, an ba ni zuwa ƙarshen shekara. Ƙungiyar majema kuwa, ko da yake rabon da a jeme fata a garin nan tun kafin a haife mu, har yanzu tana da gidan tsofaffi a bayan coci, ɗaki takwas, na zuriyar waɗanda suka kammala shekara bakwai ta koyo. Ɗaki na shida ya zama babu kowa. A ƙasa yake, ƙofarsa na kallon lambu. Na je wurin Malama Ormerod mai kula da takardunsu, ta ce akwai matsala guda. Josiah Askrigg biyu ne suka shiga koyo a 1838, 'ya'yan wa da ƙane. Ɗaya ya kammala, ɗaya ya gudu ya shiga jirgin ruwa. Ƙungiya na da rabin kowannensu. Namu rabin, kamar yadda ka sani, ambaliya ta wanke fuskarsa, sai sunayen 'ya'ya da Josiah ya fara rubutawa a baya, magada suka ci gaba har suka gangaro kanmu. Ta ce in kawo, a haɗa baki, minti biyar ya isa.

Wata huɗu ka yi kafin ka aiko. Ta iso cikin firam mai ruwan zinari, da 'yar takardarka a maƙale, wai ka gyara mata bakin da ɓeraye suka ci don ta zauna sosai a gilashi. Ɓeraye, Clifford! Malama Ormerod ta cire ta, ta juya, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya wane gwani ne ya yi mata wannan aski. Na ce ƙanena ne, injiniya ne. Ta ce ai ga alama, layin ya miƙe sarai. Duk da haka ta gwada, baiwar Allah. Ta ajiye ta kusa da rabin wanda ya kammala, fatar ta zauna. Ta ajiye ta kusa da rabin wanda ya gudu, nan ma ta zauna. Miƙaƙƙen baki ai da kowa yake shiri. Garin neman gira ka rasa mana ido.

Na shekara talatin ina koya wa yaran mutane tarihi har aka rufe makarantar, ga shi na tsaya gaban dattawan ƙungiyar su bakwai na kasa faɗin ko ni jikan waye. Shugabansu ya ce ya san Baba, ya yarda da ni a zuciyarsa, amma dokar gidan ba ta karanta zuciya.

Yanzu kuma 'yarka Philippa ta rubuto, wai tana haɗa tarihin zuriya, in taimaka mata da labarin kakanmu majemi, tana son ta buga wa jikoki. Ka faɗa mata da bakinka. Ka ce ko dai jikar majemi ce ko jikar ɗan gudun aiki, amsar kuwa tana cikin kwandon sharar ubanta tun shekarun baya. Kada ka aiko mini da kuɗi, kada kuma ka buga waya kana cewa ba ka sani ba. An gaya maka, kunne ne ba ka bayar ba.

Ka gaida matarka Lorna, ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ka gaida Philippa da mijinta da ƙaramin Josiah, wanda kuka sa wa sunan mutumin da ba mu san wanne ba ne. Fatar tana wurina, ba za ta sake ƙetare teku ba. Firam ɗinka na ba mai gwanjo.

Abin da ka yanke bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ranar Litinin aka ba wani mutum ɗaki na shida.

Yayanka,
Wilfred