Kada Ka Sayar da Shanun Tukuna

Estevan, Saskatchewan

Baba,

Bayan gaisuwa, ya gwiwar taka? Ya Yaya Wendell da yara? Ni lafiya lau. In ka ga rubutuna ya karkace, sanyi ne ya ɗan taɓa yatsu biyu. Likita ya ce ba sai an yanke ba, kada ka damu.

Yaya ya ce rijiyarmu tana ƙafewa, har kana zancen sayar da shanu. Dakata, aikina ke nan fa. Makon jiya kwana uku muka yi muna jan ruwan da ke danne ƙarƙashin yumɓu. A rijiyar da muke ja ya sauka ƙafa arba'in, a ta kusa da ita ƙafa biyu kacal. Ogana ya ce, "Delphine, ruwa na nan, maƙogwaron rijiyar ne ya toshe."

Ka kunna injin jan ruwan rijiyarmu, Yaya ya auna ruwan tsohuwar rijiyar bayan garke. In bai sauka sosai ba, tamu wanki kawai take so.

Na san kai da marigayiya Mama kuka haƙa rijiyar tamu, ba ka son a ce ta tsufa. Ba mai cike ta, Baba. Jira ni Afrilu, da yatsuna goma zan zo mu wanke ta.

'Yarka,
Delphine