Ranar da Na Ambaci Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga marigayiya matata Hajja Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ga albishir: jikarki Zainabu ta sauka lafiya, jiya aka yi suna. Da hannuna nake rubuta miki, da bokon yammacin nan da kike cewa gemu ya shiga aji.

Bara, lokacin tsinkar auduga, ta ɗaga buhu a hawasharmu, gonarmu ta ban-ruwa, sai ta zube. Ba jiri, ba duhun ido. Mata suka yayyafa mata ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, suka ce rana ce.

Na kai ta asibitin garin Hasahisa. Likita ya ce ba kowace suma ke buƙatar hoton zuciya ba. Wanda ya daɗe tsaye cikin rana ya faɗi, yawanci ruwa da inuwa sun ishe shi. Amma ita tana tsakiyar aiki ta faɗi, shi ya sa ya tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa rasuwa farat ɗaya yana matashi.

Na ce babu.

Rakiya, kin san mu da kunyar ɗan fari. Yana raye ba mu kama sunansa ba, balle bayan ya faɗi matacce a bakin tur'a da garma a kafaɗa. "Mai gadon zinare ma ba ya hana ajali," kika ce, muka rufe baki. Zainabu tana goye a lokacin. Da ta girma, aka ce mata zazzaɓi ne ya kashe shi.

Har mun kai ƙofa, sai na tsaya. Na koma na ce Usmanu, ubanta, ɗana.

Nan take aka shafa mata wani mai a ƙirji, aka ɗora na'ura. Na ga zuciyar jikarki a allo tana buɗewa tana rufewa kamar ƙofar madatsar ruwan Makwar! Likita ya nuna inda naman ya yi kauri. Ya ba ta magani, ya hana ta ɗaukar kaya, ya bi cikin nan wata-wata har ta haihu. Baffanninta ma duk an duba su.

Da kin ga jaririyar! Kunnuwanki ta kwaso, har da tsiwar. Na yi rawa gaban surukai, rawanina ya warware, ban tsaya ɗauka ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da yaronmu a Aljanna, Ya raya wannan jaririya. In kun gamu, ki ce masa ya yi jika.

Naki har gobe,
Malam Haruna